Sun ɓatar mana da takalmi, sun biya mu da gyaɗa

Ni dai ba don wani lambu na kai 'yar autata nazire ɗin nan ba. Kusa take da gidanmu a Hotoro, ba sai na riƙa biyan adaidaita sahu safe da rana ba, kuma maƙwabciyata ta ce ba sa dukan yara. Ranar da na je yankar fom, shugabar makarantar ta zagaya da ni bayan azuzuwa, ta nuna mini wani fili mai darbejiya biyu da mangwaro ɗaya, ta ce kusan rabin wunin yara a nan suke yinsa. Na ce to madalla, a raina kuwa cewa nake kuɗin intalok ne ya gagare su, suke kiran abin tsari.

A watan Yuni abin ya faru, washegarin wani ruwa da aka kwana ana tafkawa. Na je ɗauko ta ƙarfe ɗaya, wallahi sai da na wuce ta a bakin get ban gane ta ba. Taɓo har cikin kitso, kitson da na zaunar da ita awa biyu ranar Asabar tana kuka aka gama shi. Farar safa ta koma kalar kunun kanwa. Ƙafar dama da takalmi, ta hagu babu. Takalmin nan ko sati uku bai yi ba da Abbansu ya sayo shi a Sabon Gari, kuma duk mai yara ya san yadda takalmin makaranta ya koma yanzu.

Na ce, "Anti, ina ɗaya ƙafar?"

Ta ce, "Wallahi Hajiya taɓo ne ya riƙe shi, mun duba ba mu gani ba. Yau shuka muka yi."

Tana faɗa tana murmushi, kamar albishir take mini. Murmushin nan ya fi ɓatan takalmin ƙona mini rai. A daren na rubuta abin da na rubuta a guruf ɗin iyaye na WhatsApp, wasu suka taya ni, wata ma ta ce ita ba noma ta kawo ɗanta ya koya ba, da noma take so da ta kai shi ƙauye wajen kakarsa. Da safe na samu shugabar a ofis. Ta bar ni na gama zazzage abin da ke cikina, sannan ta ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, ki ba mu zuwa bayan dogon hutu." Na fito da niyyar zangon nan shi ne na ƙarshe.

Yarinyar ce ta hana ni. Duk hutun nan, da hadari ya haɗo sai ta ruga taga: "Umma, gyaɗata za ta sha ruwa?" Yarinyar da a da sai an yi kokawa kafin a ƙwace waya daga hannunta, ta koma bin tururuwa a tsakar gida tana neman raminsu. Ta san darbejiya, ta san zogale, ta ga shamuwa a kan bishiya ta ce Anti ta ce tsuntsuwar damina ce. Rannan na ɗaga tsintsiya zan kashe tana a bakin rariya ta riƙe mini zani, wai ita ce ke huda ƙasa ruwa ya shiga. Shekararta huɗu fa.

A Oktoba aka kira iyaye ranar cirar gyaɗa. Na je ne kawai don kar a ce ban je ba. Kunya shida ce 'yan gajeru, mai gadi ne ya kula da su lokacin hutu, kowace an kafa mata kwali da sunayen yara. Anti ta sassauta ƙasar da fartanya, 'yata ta kama ganyen da hannu biyu ta ja, ta faɗi zaune, ga gyaɗa reto-reto a jiki. Ihun da ta yi sai da mutanen layin suka leƙo. Na ce mata, "Kin ga ta fito a saiwa kamar dankali." Ta kalle ni ta ce, "Ba a saiwa take ba Umma, fure ne yake shiga ƙasa." Na ɗauka shirmen yara ne, sai Anti ta juya mini shukar ta nuna mini. Ashe idan ɗan furen nan ruwan ɗorawa ya bushe, wani siririn tsinke ne yake fitowa daga gurbinsa ya sunkuya ya nutse cikin ƙasa, a bakinsa gyaɗar take ƙulluwa. Ni da aka haifa a cikin badala, na ci ƙuli-ƙuli da tunkuza tun ban san kaina ba, ban taɓa sanin haka ba sai a bakin 'yar nazire.

Kowane yaro an ba shi cikin tafin hannu biyu a leda. Ta ƙi yarda a dafa, sai da muka kai wa Baba ya gani. Shi ya ga dalar gyaɗa da idonsa yana yaro, buhu kan buhu ana jiran jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Legas. Ya zaunar da ita a cinya ya yi ta ba ta labari har aka kira magariba, ya ɗauki ƙwaya uku ya sa a aljihu ya ce iri ne. A ranar da an ba ni takarda na ba makarantar nan maki, da na cike mata duka.

To amma ban faɗa muku abin da fartanyar Anti ta tono a kunya ta huɗu ba. Takalmin. Wata huɗu a ƙasa, gara ta cinye igiyar, fatar ta ruɓe. Malamai suka yi ta dariya, aka ɗaga shi sama ana ɗaukar hoto, ni ma na yi yaƙe. Har yau ba wanda ya ce mini ga ko rabin kuɗin, ko a rage mini a kuɗin zango. Kuma tunda na tuno, bari in ƙarasa. Makarantar da ta san yara za su shiga taɓo, me ya kai ta wajabta farar safa? Hypo nawa na ƙarar a daminar nan? Lilonsu na ƙarfe ne, a fili yake ba inuwa, a watan Afrilu da zafin Kano yake haura digiri 40 ko babba ba zai iya dafa shi ba, sai da yarinyar ta dawo da ja a cinya. Tsofaffin tayoyin da suka jera don wasa kuwa ruwa suke tarawa, na leƙa da idona na ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil, na yi magana sau biyu kafin a huda su. Kuɗin zuwa Gidan Zoo da aka karɓa tun zango na biyu, an ɗaga tafiyar sau uku, yanzu ma an daina zancen.

Na dai biya kuɗin wannan zangon, ina mita na biya, don ta ce idan sanyi ya shigo za su shuka latas da karas, kuma an ba ta aikin ban ruwa ranar Talata. Na saya mata takalmin roba a Kasuwar Rimi musamman don ranakun lambu. Jiya ta dawo da shi a jaka, da 'yar takarda daga ofis: wai a kiyaye, ba ya cikin yunifom.