Tsohuwar bindigar aljihu mai girgiɗa: me za ka saya, me za ka bari

Ƙananan bindigogin da ake gada wurin iyaye, tsohon soja ne ko tsohon jandarma, sau da yawa ba sa wuce ƴan iri kaɗan. Akwai Baby Browning ta kamfanin FN na Beljiyam, wadda ta fito a 1931, mai cin harsashi 6,35 mm. Akwai MAB ta garin Bayonne a Faransa, da Ruby da aka ƙera a Sifen aka sayar wa sojan Faransa tun daga 1915, da Walther PP da PPK masu cin 7,65 mm. Duk sun tsufa, kuma kukan masu su ɗaya ne: ƙarfen sama mai ja da baya, wato kulas, yana motsi a kan gangar jiki, ga tsatsa, ga tsohon mai ya daskare a ciki.

Kafin ka kashe ko dala, duba takarda. Riƙe bindiga a Nijar sai da izinin hukuma, kuma izinin mahaifi ba ya zama na ɗa don kawai an yi rabon gado. In babu takarda da sunanka, wurin ƴan sanda ko jandarma za ka fara, ba kasuwa ba. Wannan bayani na mai izini ne.

Ba kowane girgiɗi ne ciwo ba, kuma a nan ake yawan asarar kuɗi. Waɗannan bindigogi ba sa kulle kulas da bututu lokacin harbi. Nauyin kulas da ƙarfin sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke mayar da kulas gaba, su ne kawai ke riƙe bayan harsashi, bututun kuma yana zaune a gangar jiki. Saboda haka ɗan motsi hagu da dama, kamar kaurin takardar rubutu ɗaya ko biyu, ba ya ɓata komai a bindigar da aka yi don tazarar ƴan taku. A garin ƙura kamar Maradi ma wannan ƴar tazarar taimako ce, don matsattsiya ita ce ke fara cijewa in yashi ya shiga.

Motsin da za ka ji tsoro shi ne na sama da ƙasa a ƙarshen kulas, musamman a irin Baby Browning, wadda allurarta mai bugun harsashi ke ɗane a cikin kulas, wani ɗan haƙori daga gangar jiki yana riƙe da ita. In kulas ya ɗaga, haƙorin na iya sakin allura ba a taɓa kunama ba. Ga gwajin: zare gidan harsashi, ja kulas baya, duba ɗakin harsashi da ido, ka kuma taɓa da ɗan yatsa. Ka saki kulas allura ta ɗanu, ka juya bakin bindigar wurin da ba kowa, sai ka ɗaga bayan kulas da yatsu, ka murɗa shi, ka buga shi da tafin hannu. In ka ji "ƙas", allura ta faɗi. Wannan bindiga ba za a sake sa mata harsashi ba sai mai gyaran makamai ya duba ta. Haka nan in ka ga tsaga, ko siririya kamar gashi, a gefen tagar da kwanson harsashi ke fita.

In motsin na gefe ne kaɗai, zaɓi mafi araha shi ne ka ƙyale shi. Na biyu, wanda ya fi cancantar kuɗi, sabon sifirin mai mayar da kulas. Sifirin da ya gaji yana barin kulas ya riƙa dukan gangar jiki da ƙarfi a kowane harbi, shi ke cinye ƙarfe har sako-sakon ya ƙaru. Alamarsa: ya lanƙwashe, ko kulas ba ya rufewa sarai sai an tura shi da babban yatsa. A nemo na ainihin samfurin ta hannun mai izinin sayar da makamai. Miƙe tsohon da hannu ba ya dawo da ƙarfinsa, kuma wanda aka yanko daga kayan babur ko dai ya yi tauri kwanso ya maƙale, ko ya yi laushi dukan da kulas ke yi ya ƙaru.

Sai zaɓin da maƙera da masu walda za su kawo maka: a matse kulas a matsi, ko a daddaki tsagin da yake gudu a kai da guduma. Ƙwararru na yin irin wannan a manyan bindigogi masu ƙarfe mai kauri, da sandunan awo da aka yi don aikin. A bindigar aljihu tsagin siriri ne, kuma kuskure ba ya komawa. Kulas ya karkace, ya cije a tsakiyar hanya, ko ya tsage. Ka ɗora maganaɗisu a kai tukuna: in bai kama ba, ba baƙin ƙarfe ba ne, wataƙila haɗin zinki ne irin na bindigogi masu araha, wanda guduma ke farfasawa. Walda ta fi muni, don zafinta na kashe taurin ƙarfe daidai wurin da ake bukatarsa. Ɗauko kulas na wata bindiga ma ba lallai ya hau ba. Ruby dai masana'antu da yawa ne suka ƙera ta, har gidan harsashin wannan ba ya shiga waccan.

Wajen wanki zaɓin ya fi sauƙi. Kananzir shi ne mai arha da ya yi aiki: cire marfin mariƙi biyu da sukudireba da ya cika tsagin ƙusa daidai, don tsohuwar roba da ƙaho suna saurin karyewa, sannan ka jiƙa ƙarafan kwana ɗaya, ka goge da tsohon buroshin haƙori. Fetur na wankewa, amma wuta ce a hannu, kuma yana cin roba. Ballistol na Jamus da Hoppe's No. 9 na Amurka an yi su ne don wannan aiki, in sun samu sun fi, sai dai ba dole ba ne. Man feshi na WD-40 yana korar ruwa yana sassauta ƙusa, amma bai isa ya zama man zamewa ba. Bututu kuwa yana son buroshin tagulla daidai faɗinsa, a tura daga baya zuwa baki in ƙirar ta bari, sannan ƙyallen auduga har ya fito fari. In an taɓa harba tsofaffin harsasai na soja, ana iya samun gishirin da mai ba ya narkarwa. Ruwan zafi ke fitar da shi, a busar nan take, a shafa mai.

Tsatsar sama: ulun ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, da ɗigon mai, a shafa a hankali. Sosan ƙarfe na wanke tukunya da takardar yashi suna kwashe baƙin launin gaba ɗaya, haka ma ruwan tsami da magungunan cire tsatsa. Kada a goge wurin lambar bindiga, ita ce ke kan takardarka.

Man da za a bari a jiki, man keken ɗinki ya wadatar, yana kuma nan a kowane layin teloli. Man injin mota sabo yana yi, amma ya fi kama ƙura. Man gyaɗa, duk yawansa a Maradi, a bar shi a madafa: yana yin danƙo, ya manne allura. Giris a tsagi yana rufe ƙarar girgiɗi, shi ya sa mai sayarwa ke son sa, amma da hunturu sai ya haɗu da ƙura ya riƙa cin ƙarfen. Ɗigo 1 a kowane tsagi, 1 a bayan bututu, ramin allura a bar shi a bushe. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, a riƙa shafe waje da ƙyalle mai ɗan mai, kuma kada a adana ta cikin kuben fata, don fata na riƙe laima. A ajiye ta ba harsashi, cikin akwati mai kwaɗo, harsasan a wani wurin dabam da yara ba sa kai hannu.