Jakar Agajin Gaggawa ta Kemis: Sai an Ƙara Mata Kaya Kafin a Hau Hanya

Ƙaramar jan jakar nan mai zif da ake sayarwa a kemis-kemis na Agege da Idi-Araba na gwada a hanyar Legas zuwa Kano. Ita kanta jakar ba laifi, ruwa ba ya ratsa ta, tana kuma shiga jakar hannu. Kayan cikinta ne sai a hankali.

Akwai bandeji 2, gauz (ƙyallen rufe ciwo) 4, filasta 10, auduga, safar hannu, almakashi da kwalbar sifirit. Filastar ce ta fi ba ni haushi. Laimar Legas da gumi suna kashe ɗankonta, kafin awa guda bakinta ya ɗago. A sayi mai naɗi, a tsane fata sosai kafin a manna. Almakashin kuwa ko bandejin da suka zo tare ba ya yankawa.

Auduga ba ta hawa kan ciwo, zarenta yana maƙalewa a ciki. Gauz ake sa wa. Sifirit ma na goge almakashi ne da lafiyayyar fata. Buɗaɗɗen rauni ruwa mai tsabta yake so, sannan aidin. In jini na zuba, a danne da gauz minti 10 ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba.

Babban giɓin shi ne babu magani ko ɗaya, alhali abin da ya fi kama matafiyi gudawa ce da zazzaɓi. A ƙara ORS, garin gishiri da suga na masu gudawa, kamar ƙulli 6. Mai lita 1 ana zuba shi a ruwan leda biyu, amma a karanta jikinsa tukuna, domin akwai ƙanana. Wanda aka haɗa ya kai awa 24 a zubar. In da yara, a haɗa da ƙwayar zinc ta gudawa. Farasitamol mai 500mg, babba ya sha 2, kada ya wuce 8 a awa 24. Mai gyambon ciki ya bar ibuprofen. Masu hawan jini ko ciwon suga su ɗauki maganinsu da rarar kwanaki, mota ba ta da alƙawari.

A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar kowane magani. Kada a jefa jakar a but ƙarƙashin buhuna, zafi yana ɓata magani, kuma ranar buƙata ba za a kai gare ta ba. A rubuta 112 da 767 na gaggawa a Legas, da 122 ta jami'an FRSC masu kiyaye haɗurra a hanya, a liƙa a cikin murfin.