Kafin ƙungiyarku ta biya kuɗin gina shafin intanet

Wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da nake cikinta ta taɓa yin karo-karo ta ba wani matashi aikin gina mata shafi. Aiki ya yi kyau, ga hotunan shugabanni cikin manyan riguna, ga tarihin makaranta. Bayan shekara guda sakatare ya zaro waya a wurin taro zai nuna wa wani baƙo, sai ga farin allo da 'yan tallace-tallace. Ashe da sunan matashin da imel ɗinsa aka yi rajistar adireshin shafin, saƙon tunatarwa na ta zuwa akwatin da ba mai buɗewa, shi kuwa ya yi tafiya ya canja lamba. Takardun wasiƙa da katunan da muka buga duk suna ɗauke da adireshin da ya riga ya kuɓuce mana. Har yau abin yana yi mini ciwo, shi ya sa duk ƙungiyar da ta nemi shawarata nake fara tambayarta: mabuɗin zai zauna a hannun wa?

Hanya mafi arha ita ce a tsaya a Facebook da WhatsApp. Ga ƙungiyar unguwa mai mutum talatin wannan ya wadatar, kada wani ya ruɗe ku. Matsalarta ita ce zaman aro ne. In aka rufe shafin ko aka yi masa kutse, ba ofishin da za ku je ku buga ƙofa. Sannan masu ba da tallafi daga waje sukan nemi ganin shafi mai adireshinsa kafin su saki kuɗi.

Ta biyu ita ce kamfanonin gina shafi irin su Wix da Squarespace, inda ake biyan haya mutum ya jera kayansa da kansa. Akwai sauƙi, kuma kamfanin ne ke kula da tsaro. Sai dai da kuɗin waje ake lissafin, kuma duk ma'ajin da ya ga dala ta tashi daga kusan naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024 ya san yadda kasafin ƙungiya ke wargajewa. Ga shi kuma shafin da aka gina a Wix ba a ɗauke shi cak a kai wani masauki. Ranar da kuka tashi, sabon gini za ku fara.

Inda nake karkata shi ne WordPress. Manhaja ce ta kyauta da ta fito tun 2003, kuma sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke. Amfanin wannan yawan a wurinmu a fili yake: in wanda ya gina muku ya ɓace, a Kano ko Kaduna ko Zariya ba za ku rasa wani da zai ɗora daga inda ya tsaya ba. Ƙungiyar ƙwadago mai rassa a ƙananan hukumomi tana iya haɗa ta da CiviCRM, wadda ita ma kyauta ce kuma don ƙungiyoyi aka yi ta: rajistar mambobi, wanda ya biya da wanda ake bi, taruka, gudummawa. Ana kuma iya haɗa Paystack ko Flutterwave don karɓar kuɗi da naira, amma ku shirya takardar rajistarku ta hukumar rajistar kamfanoni (CAC) da asusun banki mai sunan ƙungiya, kada a sa na ma'aji. Rauninta shi ne kayan ƙarin da ake liƙa mata. Kowane ɗaya yana buƙatar sabuntawa, kuma ta wanda aka manta da shi ɓarayin intanet suka fi shigowa. In mai gini ya ce zai sa muku guda talatin, ku tambaye shi aikin kowanne. In ya ce yana da na kuɗi da ya samo kyauta ta bayan fage, ku ce a'a.

Sai ginin musamman tun daga tushe, wanda masu shirye-shiryen kwamfuta ke rubutawa da hannunsu. Ya dace da babbar ƙungiya mai tsarin da ba ya shiga kowace ƙwarya, misali wadda ake cire kuɗin mambobinta daga albashi kuma take son lissafin kowace jiha daban. Shi ya fi tsada, kuma shi ya fi ɗaure ku da mutum ɗaya. Kada ku shiga sai yarjejeniya ta ce a rubuce cewa rubutun manhajar mallakarku ne kuma za a miƙa muku kwafi.

Ko wacce kuka zaɓa, adireshi ya zama da sunan ƙungiya da imel ɗin ofis. NiRA, ƙungiyar rajistar adireshin intanet ta Najeriya, ita ce ke kula da adireshin .ng, kuma .org.ng da naira ake biyansa ta hannun dillalan da ta amince da su. Kalmar sirri ta kasance a hannun mutum biyu aƙalla, a sa ta cikin kayan da tsohon sakatare zai miƙa wa sabo bayan zaɓe, tare da hatimi da littafin ceki. Kada kuma a caje ku kuɗi mai nauyi a kan ɗan kwaɗon nan da ke nuna shafi na da tsaro. Wata cibiya mai suna Let's Encrypt na bayar da shi kyauta.

'Yan ƙwadago su lura da wannan sosai: dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa kasancewar mutum ɗan ƙungiyar ƙwadago cikin bayanan da ke buƙatar kariya ta musamman, tare da lafiyarsa da addininsa. Jerin sunayen mambobi da lambobin wayarsu ba abin ɗorawa a fili ba ne, balle a lokacin yajin aiki.

Kuɗin kulawa shi ne abin da kwamiti ya fi mantawa. Ko manyan manhajoji suna tsufa: an daina yi wa Drupal 7, wata manhajar gina shafi irin WordPress, gyaran tsaro a Janairun 2025, masu shafi a kanta dole suka nemi kuɗin ƙaura. Ku sa mai gini ya rubuta abin da zai riƙa yi kowane wata, inda yake ajiye kwafin shafin, da kwana nawa zai ɗauka in abu ya lalace.

Ranar karɓar aiki kada ku duba shi a babbar kwamfutar mai gini. Ku karɓi ƙaramar wayar masinjan ofis, ku kashe wayfai, ku buɗe da data. Ku rubuta “ƙungiya”, “ɗalibai” da “ɓangare” ku ga ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai ko sun koma akwatuna. Sannan ku zaunar da sakatariyar ofis ta ɗora sanarwar taro da hannunta, mai gini yana tsaye bai taɓa komai ba. In ta iya, a biya shi cikon kuɗinsa.