Gyara 'Yan Sanda Ko Rage Musu Kuɗi?

Bayan wani ɗan sanda ya kashe wani baƙar fata mai suna George Floyd a birnin Minneapolis ranar 25 ga Mayu 2020, bukatun masu zanga-zanga a Amurka sun rabu gida biyu. Wasu gyara suke nema: a haramta shaƙe wuya, a rataya wa jami'ai kyamara, a sauƙaƙa gurfanar da su a kotu. Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin hakan, amma ya maƙale a Majalisar Dattawa. Wasu kuwa cewa suka yi a zaftare kuɗin 'yan sanda, a zuba a kula da masu taɓin hankali da marasa matsuguni. A 2021 masu zaɓe a Minneapolis sun ƙi amincewa a maye gurbin rundunar 'yan sandan birnin da wata sabuwar hukuma. Ni dai gyara na fi so, domin unguwannin baƙar fata ma suna bukatar wanda za su kira idan 'yan fashi sun shigo.