Duba da ido ko gwajin nauyi: wanne ke faɗin gaskiyar lafiyar titin jirgi?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya cewa ya ga rahotanni biyu a kan titin saukar jirage guda ɗaya, na farko ya ba titin maki mai kyau na PCI, wato ma'aunin lafiyar saman titi, na biyu kuma ya ce bai kamata manyan jirage su riƙa sauka a kansa ba saboda lambar PCN ɗinsa, wadda ke nuna nauyin da titin zai iya ɗauka, ta yi ƙasa. Yana son sanin wanne ne ya yi kuskure, kuma wanne ya kamata hukuma ta fi dogara da shi idan kuɗinta ba zai kai ga duka biyun ba. Amsata, Malam, ita ce mai yiwuwa babu wanda ya yi kuskure, domin ba tambaya ɗaya rahotannin suke amsawa ba.

Ma'aunin PCI aikin ido ne da ƙafa. Injiniyoyin rundunar sojin Amurka ne suka ƙirƙiro shi a shekarun 1970 domin filayen jiragen yaƙi, daga baya ya zama ƙa'ida mai lamba ASTM D5340. Ana yanka titin gida-gida, kowane gida kusan murabba'in mita 450 idan kwalta ce, ko kimanin falle 20 idan kankare ne, sannan masu duba su bi wasu zaɓaɓɓun gidaje da ƙafa, riƙe da tef da takarda, suna rubuta kowane lahani: irinsa, tsananinsa da faɗinsa. Za su rubuta tsagewar da ta bi tsawon titi, da wadda ta warwatsu kamar fatar kada a daidai inda tayoyi ke bi, da lotsawa, da tsakuwar da ta fara barin jikin kwalta, da faci da ya ɗago, da kusurwar fallen kankare da ta ɓalle. Kowane lahani yana da makin da ake cirewa daga 100. Titin da ya samu 86 zuwa sama lafiyarsa ƙalau, wanda ya sauko tsakanin 55 da 70 ya isa a fara maganar babban gyara, wanda ya gaza 40 kuwa ya lalace ƙwarai.

Gwajin nauyi kuma aikin na'ura ne. Ana jawo wata tirela da mota, a sauke faranti na ƙarfe a kan titin, a ɗaga wani nauyi a sake shi ya faɗo, yadda bugun zai yi daidai da na tayar babban jirgi da ke wucewa. Jerin na'urorin da aka shimfiɗa daga tsakiyar farantin zuwa waje suna auna yadda titin ya lanƙwasa, abin da bai cika wuce milimita ɗaya ko biyu ba, wanda ido ba ya gani. Idan lanƙwasar ta taru kusa da faranti, raunin yana saman shimfiɗa. Idan ta bazu nesa, matsalar tana can ƙasan da aka ɗora titin a kansa. Ana haɗa wannan da huda titin a ciro gunduwar kwalta domin a ga kaurinta, da gwajin ƙarfin ƙasa, da lissafin irin jiragen da ke zirga-zirga, kafin a fitar da lambar PCN.

Lambar da ake bugawa tana zuwa ne a jere, misali 60/F/B/X/T. Adadin farko shi ne ƙarfin ɗaukar nauyi, F na nufin kwalta, R kuma kankare, harafin da ke biye daga A zuwa D yana nuna ƙarfin ƙasan ƙarƙashi, na huɗu iyakar iskar taya, na ƙarshe kuma, wanda mutane suka fi tsallakewa, shi ne ya fi muhimmanci a wurina: T na nufin an yi lissafin injiniya, U kuma na nufin an ɗauki lambar ne kawai daga jirgi mafi nauyi da ya saba sauka ba tare da an ga ɓarna ba. Kowane jirgi yana da tasa lambar, wato ACN, kuma idan ba ta wuce ta titin ba, zai iya sauka ba tare da ƙayyadewa ba. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta kawo wannan tsari na ACN da PCN a 1981, ta kuma maye gurbinsa da ACR na jirgi da PCR na titi daga 28 ga Nuwamba 2024. Sababbin lambobin sun ninka tsofaffin kusan sau goma, saboda haka kada wanda ya ga 600 a inda ya saba ganin 60 ya zaci an sake gina titin.

Inda rahotannin biyu suke rabuwa a fili yake. PCI yana ba da labarin abin da ya riga ya faru ya bayyana a sama, gwajin nauyi kuwa yana ba da labarin abin da zai faru idan aka ci gaba da ɗora kaya. A ɗauki titin da aka yi wa sabuwar shimfiɗa mai kaurin santimita biyar a kan tsohon tushe da ruwa ya riga ya ci. Ranar da aka buɗe shi, makin PCI zai kusan cika 100, baƙi wuluk, fenti fari tas, amma ƙarfinsa bai ƙaru da wani abin kirki ba, kuma bayan damina biyu ko uku tsofaffin tsage-tsagen za su huda sabuwar kwaltar su fito a daidai wuraren da suke a da. Ina kyautata zaton irin wannan ne ɗan'uwanmu ya gani. Akasin haka ma yana faruwa: titi mai kauri da tushe mai ƙarfi, wanda rana ta busar da kwaltarsa har tsakuwa na ɓaɓɓakewa, zai faɗi a PCI alhali yana iya ɗaukar Boeing 747. Ba za a ce lafiya yake ba, domin tsakuwa guda da injin jirgi ya zuƙa ta isa ta jawo asarar miliyoyi, sai dai maganinsa goge saman ne a sake shimfiɗawa, ba tonewa har ƙasa ba.

Ta fuskar kuɗi da wahala, PCI ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin mutum biyu ko uku da suka samu horo za su yi shi cikin 'yan kwanaki, a tsakanin saukar jirage. Rauninsa shi ne ya dogara ga idon mai duba, kuma abin da wani ya kira matsakaicin tsagewa wani zai kira shi mai tsanani. Gwajin nauyi yana buƙatar na'ura mai tsada da ƙwararren da zai fassara alƙaluma, kuma lokaci yana canza sakamakonsa. Kwalta tana laushi a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, ƙasan ƙarƙashi kuma ya fi rauni a ƙarshen damina, don haka rahoton da bai faɗi watan da aka yi gwajin da zafin kwaltar a lokacin ba, a karanta shi da taka-tsantsan.

Akwai abin da duka biyun ba sa aunawa, wato santsi. Robar taya tana taruwa a inda jirage ke fara taɓa ƙasa, ta toshe kaushin kwalta, sai ruwan sama ya mayar da wurin sulɓi. Wannan yana da tasa na'urar, mai zuba ruwa kaurin milimita ɗaya a gaban tayar gwaji tana gudun kilomita 65 ko 95 a awa. Titi zai iya cin PCI da PCR duka biyu, jirgi ya zarce ƙarshensa ranar da aka yi ruwa.

A kan tambaya ta biyu, ra'ayina shi ne hukumar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba ta riƙe PCI a kai a kai, duk shekara biyu ko uku, domin amfaninsa ba a maki guda yake ba, yana cikin jerin makin shekaru da ke nuna lokacin da titi ya fara gangarowa da sauri. Gyara kafin wannan gangara yana da arha, bayanta kuwa sai rufe fili. Titin filin Nnamdi Azikiwe na Abuja an gina shi a 1982 domin ya yi shekara 20, aka yi ta yi masa faci har sai da aka rufe filin mako shida daga 8 ga Maris 2017, aka karkata jirage zuwa Kaduna. Na Akanu Ibiam da ke Inugu, da aka rufe a Agusta 2019, sai da ya shekara kafin a sake buɗe shi.

Amma akwai lokuta biyu da ban yarda a tsaya ga ido ba. Na farko shi ne kafin a ba da kwangilar sabuwar shimfiɗa, domin a san ko tushen zai riƙe ta. Na biyu shi ne idan za a kawo jirgin da ya fi waɗanda titin ya saba ɗauka, kamar yadda ake yi lokacin jigilar alhazai, inda filin da ya shekara yana karɓar ƙananan jirage zai wayi gari manyan jirage cike da maniyyata da mai suna tashi daga kansa. Ƙa'idar ICAO ta yarda a wuce lambar titi da kashi 10 cikin ɗari jefi-jefi, muddin irin wannan zirga-zirga ba ta haura kashi 5 na ta shekara ba kuma titin bai fara nuna alamun gajiya ba. Sharaɗin ƙarshen nan daga rahoton PCI ake karanto shi. Saboda haka, Malam, ka nemi rahotannin biyu, ka duba kwanan watan kowanne, ka duba ko lambar ƙarfin ta ƙare da T ko da U, sannan ka tambaya ko an yi wa titin sabuwar shimfiɗa a tsakanin gwaje-gwajen biyu.