Ƙofar sito: ƙirga buɗewa kafin ka ƙirga kuɗi

Shekarun baya kawuna ya sa wa sitonsa na shinkafa da ke unguwar Asawase a Kumasi, ƙasar Ghana, ƙofar naɗi mai inji. Ranar da aka gama ɗaurawa, yaran unguwa sai da suka taru suna kallon yana danna rimot tana hawa da kanta. Ba a yi wata biyu ba, wata safiya tirela ta iso da kaya babu wuta. Ƙofar ba ta da sarƙar ja da hannu, domin mai waldar ya ce sai an ƙara kuɗi, kawu kuma ya ce a bari tukuna. Haka direba da 'yan dako suka zauna gindin bango har bayan azahar. Na ce, "Kawu, da ka yarda an sa sarƙar nan." Ya harare ni ya ce, "Kai dai nemo mana janareta."

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni wace ƙofa zai saya, tambaya biyu nake fara yi masa: sau nawa za a buɗe ta a rana, kuma me zai riƙa shiga ta cikinta?

Ta farkon ita ce mutane suka fi rainawa. Ƙofar naɗi da ƙofar fallaye mai hawa rufi galibi sifirin ne ke ɗaukar nauyinsu, kuma sifirin na gama-gari ana ƙera shi ne don kimanin buɗewa da rufewa 10,000. Mai shago a Aboabo da ke buɗewa da safe, ya rufe lokacin sallar Juma'a ko da magariba, a ce sau 2 a rana, zai yi shekara 13 bai san yadda sifirin yake ba. Sito irin na Kaase ko Asokwa, inda aboboya, wato babur mai taya uku na dakon kaya, ke shiga tana fita sau 30 a wuni, wannan sifirin ɗin ba zai kai shekara ba. Akwai na 25,000 da na 50,000, sun fi tsada, amma sai ka tambaya da bakinka. Mai sayarwa ba zai fara faɗa maka ba.

Ƙofofin da za ka tarar a Kumasi kusan kala huɗu ne, kuma ba kowacce ce ta cancanci dogon bayani ba.

Ƙofar ƙarfe mai ninkewa, wadda masu walda na Suame Magazine, unguwar makanikai da masu aikin ƙarfe, ke haɗawa da farantin ƙarfe da hinji, ita ce tsohuwar zuma. Babu sifirin, babu inji, kowane yaron mai walda zai iya gyara ta. Illarta tana cin wuri a bakin shago, kuma in ta yi faɗi hinjin kan saki ta fara jan ƙasa. Ga ƙaramin shago mai faɗin mita 2 zuwa 3, ni har yau ban ga abin da ya fi ta kwanciyar hankali ba.

Mai zamiya a kan dogo ta dace da babban sito mai doguwar katanga, in akwai filin da za ta koma gefe daidai faɗinta. Tana jure nauyi, sai dai yashi da tsakuwa kan cika dogon, ɓera kuma na samun hanya ta ƙarƙashi. Mai ajiye masara ko shinkafa ya yi tunani.

Ƙofar fallaye mai hawa rufi, irin ta kamfanin Hörmann na Jamus, tana da soso a tsakanin fatunta da ke tare zafi, kuma bakinta na rufuwa ruf. Wannan ta ɗakin sanyi ce, da masu ajiye kifi da kaji da magunguna. In ba irin wannan kaya gare ka ba, kuɗinka za ka zubar, kuma ranar da aboboya ta daki falle ɗaya, sai ka jira a kawo madadinsa ta tashar jirgin ruwa ta Tema.

Ƙofar naɗi ita ce yanzu kowa ke so, kuma a nan ne ake cin amanar mutane. Fallayen suna zuwa da kauri daban-daban: milimita 0.6, 0.8, 1.0, 1.2. Da an shafa fenti, ido ba ya bambanta su. Ka je da ma'aunin kauri, ko ka ara wurin makaniki, ka auna falle ɗaya a gaban mai aikin kafin a ɗaura. Na 0.6 in ka jingina da shi za ka ji yana lotsawa; ya isa kiyos ɗin sayar da kati, bai isa sito ba. Daga faɗin mita 4 zuwa sama, kada ka yarda da ƙasa da 1.0. Ka kuma san nauyin abin da kake ratayawa a kan mutane: farantin ƙarfe mai kaurin milimita 1 yana da kusan kilo 8 a kowace murabba'in mita, don haka ƙofa mai mita 4 tsawo 4 faɗi ta haura kilo 125 tun kafin a lissafa lanƙwasar fallayen da ƙarfen gindi. Irin wannan ba a ɗaure ta a jikin bulo zalla. Sai ginshiƙin kankare ko na ƙarfe.

Sai ka duba layin gefe da fallayen ke bi. In bai da zurfi, guguwar farkon damina, wadda ke yaye kwano a watan Maris da Afrilu, za ta iya tura ƙofar ta fice daga layinta. Ɓarawo ma abin da yake nema ke nan: ba ya wahalar da kansa da kwaɗo, jak yake sawa a tsakiyar gindin ƙofa ya ɗaga. Maganinsa ƙarfen gindi mai kauri, da makulli biyu da aka binne cikin daɓe, da ƙugiyoyin riƙe iska a bakin fallayen.

Batun tsawo kuwa, na ga sito da aka gina da kyau amma tirela ba ta shiga, kullum a titi ake sauke kaya. Kwantena ta gama-gari tsayinta mita 2.6 ne, doguwar kuma 2.9, in ka ɗora ta a kan tirela ta kai mita 4 ko ta ɗan wuce. Ƙofar da za ta karɓe ta sai mita 4.5, kuma a bar kusan rabin mita a sama inda ƙofar za ta naɗe. Wannan magana da magini ake yin ta, tun kafin a zuba lintal.

Inji iri biyu ne za su fi zuwa gabanka. Akwai siririn da ke shiga cikin bututun naɗin, irin na Somfy na Faransa da makamantansa na Sin. Ba ya ƙara, ba a ganinsa, amma na ƙofa marar nauyi ne, kuma in aka matsa masa da hawa da sauka yakan yi zafi ya tsaya sai ya huce. Akwai na gefe mai sarƙa, mummuna ne a ido, shi ne na sito. Wanda ya ga dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki na 2015, ba sai an yi masa wa'azin sarƙar hannu ba. Ka sa a cire wuta a gabanka, ka ja sarƙar da kanka har ƙofar ta kai sama, sannan ka biya cikon kuɗi. Ka haɗa da na'urar kare inji daga tsallen wuta, domin lokacin da hukumar lantarki ta ECG ta maido wuta ne allon injin ya fi ƙonewa. In injin mai layi uku ne, ka fara tabbatar da cewa ginin yana da layi ukun.

Tsatsa a Kumasi da sauƙi in aka kwatanta da Accra da Tema, inda iskar teku ke cin ƙarfe kamar gara. 'Yan'uwanmu na Nima da Mamobi a Accra su dage kan ƙarfe mai rufin tutiya, ko alminiyam in ƙofar ƙarama ce. Mu nan ruwan ƙasa ne matsalarmu. Duk wanda shagonsa ke kusa da rafin Aboabo ya san yadda ruwa ke kwana a bakin ƙofa. Falle na ƙasa ne ke fara ruɓewa. A ɗaga dokin ƙofa kaɗan, daɓen ya gangara waje.

Wani abu da na ga masu sito suna tsallakewa: ƙaramar ƙofa ta mutane a gefe. Ba daidai ba ne a ce hanyar fita ɗaya ce kuma mai inji ce, alhali mun sha ganin gobarar kasuwa a garin nan, kuma wutar lantarki ce ke fara ɗaukewa. Ƙaramar ƙofar na kuma rage wa babbar aiki, sifirin ya daɗe.

Kulawa ba ta da yawa. Kada a zuba baƙin mai ko giris mai kauri cikin layin gefe, kamar yadda yaran shago ke yi in ƙofa ta fara kuka. Ƙurar hunturu na haɗuwa da shi ya zama kamar kwalta. A goge layin da tsumma, a fesa man silikon. Giris na sarƙa ne da boris. Duk wata 6 mai gyara ya zo ya ɗaure notuna ya gwada daidaiton sifirin: a ɗaga ƙofar da hannu zuwa rabi a saki, in ta tsaya lafiya lau, in ta zubo ko ta fizge sama akwai gyara. Sifirin ɗin kansa kada kowa ya taɓa in ba gwani ba, yana karya hannu.

Wajen ciniki, ka sa a rubuta maka kaurin falle, sunan inji, da ko kuɗin ya haɗa da ɗaurawa. Ka tambaye shi, "Masta, in allon injin nan ya ƙone, a Suame zan samu ko sai an aika Accra?" Yadda ya amsa zai nuna maka ko ya taɓa gyara irinsa. In kuma ya ce maka "miliyan hamsin", kada gabanka ya faɗi: tun 2007 aka canza kuɗi amma bakin tsofaffin Magazine bai canza ba, sidi 5,000 yake nufi. A takarda dai a rubuta da sabon kuɗi.