Wane Ƙamus Ya Kamata Ka Saya Don Ƙara Kalmomin Turanci?

Da ƙanwata ta fara shirin JAMB, sai ta ce in sayo mata "littafin manyan kalmomi". Na gane wanda take nufi: ɗan siririn nan da ake tallarsa a tasha, kalma a hagu, ma'ana a dama. Na hana ta. Irin wannan jeri zai ce maka alleviate na nufin ragewa, amma ba zai faɗa maka cewa da talauci ko raɗaɗin ciwo ake haɗa ta ba. Sai ka je ka rubuta cewa ka alleviate kuɗin mota, malami ya ja maka jan biro.

Idan kuɗinka na littafi ɗaya ne, sayi ƙamus na masu koyo. Biyu ne suka fi shahara. Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda A. S. Hornby ya assasa, ya fara fitowa a 1948, kuma shi malamanmu suka fi sani. Longman Dictionary of Contemporary English ya zo a 1978, yana bayyana kowace kalma da kalmomi masu sauƙi kusan 2,000 kawai. Ga wanda Turancinsa bai nuna ba tukuna, ni Longman nake zaɓa, domin ba za ka nemi ma'ana ka faɗa cikin wata kalmar da ta fi ta wuya ba. Dukansu suna ba da jimloli na misali, suna nuna furuci da ƙananan kalmomin da ke biyo baya, kamar cewa ana faɗin comply with, ba comply to ba. Nan kuɗinka yake.

Ƙamus na Turanci da Hausa, irin na Neil Skinner ko na Roxana Ma Newman na 1990, yana da daɗi idan kana son ma'ana ta zauna a kanka da harshen gida. Sai dai sababbin kalmomin fasaha ba sa ciki. Ka riƙe shi a matsayin mataimaki.

Merriam-Webster na Amurka ne. Rubutunsa ya sha bamban da na Ingila da makarantunmu suka fi bi. Word Power Made Easy na Norman Lewis kuwa yana koyar da saiwoyin Latin da Girkanci, ya dace da mai haƙurin yin darasi kullum.

Kafin ka biya, duba shafukan Oxford da Longman a intanet. Kyauta ne, har da muryar furuci. Amma littafi ba ya neman data ko caji, kuma ba ya janye ka zuwa WhatsApp.

In ka isa shago, buɗe tsakiyar littafin, ba bangon kawai ba. Jabu ya yi yawa: takarda shara-shara, tawada ta dushe, wasu shafuka sun ɓace. Bi lambobin shafi ɗaya bayan ɗaya ko da guda 20 ne, sannan ka tanƙwara shi kaɗan ka ga ko ɗaurin zai saki.